Taifot Ɗin Da Ban Taɓa Yi Ba

Masu karatu, yau kam ba ni da fara'ar da na saba buɗe muku labari da ita. Ku yi haƙuri da ni. Wanda bai san ni ba, ni ce yarinyar nan da ke zaune bayan teburin gilashi a shagon sayar da tabarau, mai goge madubi da ɗan ƙyalle, mai cewa kowa "wannan ya fi yi maka kyau". A nan na haɗu da mutumin da zan aura. Ya zo a canza masa gilashin da ya tsage, ya gwada firam kusan duk na shagon, ƙarshe ya ce shi ba firam ba ne matsalarsa, lambar wayata ce. Tun ranar na sa masa Mai Tabarau, shi kuma yake ce mini Likitata, alhali ko allura ban iya riƙewa ba.

Aikin lantarki yake yi. Bara kamfaninsu ya tura shi ƙasar waje, kuma magana ta tsaya a kan zai dawo hutu a ɗaura aure mu tafi tare. Sai dai kafin nan dole in cike takardun neman biza, in kuma je gwajin lafiya.

Da hantsi saƙonsa ya shigo, ina jera firam a kan katako.

"Likitata, na turo miki fom ɗin lafiya. Mai sauƙi ne, eh ko a'a kawai. Ki danna a'a ki wuce, ke da ko mura ba ta son ki."

Har da 'yar fuskar dariya a ƙarshe.

Na buɗe ina murmushi. Tarin fuka? A'a. Ciwon zuciya? A'a. Farfaɗiya? A'a. Ina ta dannawa kamar mai wasa, sai yatsana ya tsaya cak.

An taɓa kwantar da ke a asibiti saboda ciwon ƙwaƙwalwa ko tsananin damuwa? An taɓa ɗora ki a kan magani saboda haka?

A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa duk wanda ya ɓoye gaskiya za a iya hana shi shiga, ko a dawo da shi ko da ya riga ya shiga.

Wata mata ce a gabana tana tambaya ko baƙin firam ya fi ja. Wallahi ban san me na ce mata ba. Na dai ga ta ajiye duka biyun ta fita.

To bari in faɗa muku abin da ko ƙawayena ba su sani ba.

Ina shekara goma sha takwas Baba ya rasu. Ni kaɗai ce a gida tare da shi. Ya ce in kawo masa ruwa, na dawo da kofi na tarar da shi a ƙasa tsakanin kujera da tebur. Na jijjiga shi, na kira shi, na yi ihu har muryata ta dishe. Bayan an gama zaman makoki kowa ya koma harkarsa, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Na daina cin abinci. Na daina magana. Daga baya na fara maganar da ba ta tsayawa, ina ce wa mutane su yi shiru Baba yana kira. Ranar da aka tsince ni a bakin titi ba takalmi, da kofin ruwa a hannu, ranar aka kai ni asibiti.

Na yi kusan wata biyu a wani ɗaki mai fararen gadaje da taga mai ƙarfe. Na sha magani shekara biyu. Na warke, alhamdu lillahi, warkewa ta gaske. Yau shekaru ke nan ko ƙwaya ɗaya ban sha ba.

Amma a unguwa, da dangi, da makaranta, labari ɗaya aka bayar: taifot ne ya kwantar da ni a gidan Gwaggo. An maimaita shi har ni kaina wani lokaci nakan ce "lokacin da na yi taifot" ba tare da na ji komai ba.

Da yamma na koma gida na tarar da Gwaggo, yayar Baba, ta zo. Tana zaune a kujerar da ta fi kowace laushi, ta ajiye jakarta a cinya kamar za a ƙwace, mayafinta ruwan toka ya sauko kafaɗa. Mama tana ninke kayan wanki a kan tabarma. Na gaishe su, na zauna, na miƙa wa Mama wayar.

Mama ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi. Ta miƙa wa Gwaggo. Gwaggo ta nisanta wayar da fuskarta, ta matse ido.

"To mene ne abin tsayawa a nan? Danna a'a."

"Gwaggo, sun ce in aka gano..."

"Wa zai gano? Su da ke can bayan teku? Aljanu gare su?"

"Za a yi mini gwaji."

"Gwajin jini da fitsari. Kin taɓa jin an ga tunani a cikin fitsari?"

Mama ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ninke zanen gado, tana daidaita bakinsa kamar rayuwarta a kai take.

Na ce, "Mama, ke me kika gani?"

"Abin da Gwaggonki ta faɗa."

"Ƙarya fa zan sa wa hannu."

Sai a nan ta ɗago. Idonta ya yi ja. "Ƙarya? Rufin asiri ne ƙarya? Ni da na kwana a ƙasan siminti a bakin ɗakin nan, sauro yana cina, ina jin ki kina kiran ubanki, ni za ki koya wa gaskiya? Na binne abin nan da hannuna. Kada ki tono mini shi."

Gwaggo ta gyara zama. "Ke yarinya ce. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Namiji yana iya auren mai ƙafa ɗaya, yana iya auren mai ido ɗaya. Amma ya ji kalmar nan, taɓin hankali, shi ke nan. Ko shi ya yarda, uwarsa fa? Duk ranar da kika ɗaga murya a gidanki za a ce abin ne ya motsa. Kika yi kuka, abin ne. Kika haihu, a zuba wa ɗan ido. Kuma ba ke kaɗai ba, ga ƙanwarki a bayanki. Wa zai zo gidan da aka ce akwai shi a jini?"

Abin haushin shi ne ba duka maganarta ce ƙarya ba.

Washegari da azahar, lokacin hutunsa a wurin aiki, Mai Tabarau ya kira ni kiran bidiyo. Na shiga ɗan ɗakin bayan shago inda muke ajiye kwalaye, na gyara ɗankwalina, na goge maiƙon goshina. Yana sanye da rigar aikinsa mai ruwan lemo, hular kwano a gefe, tabarau ɗin da na zaɓa masa ya zamo kan hanci.

"Likitata, kin rame. Kewata ce?"

"Kai dai ka cika son kanka."

"Kin gama fom ɗin?"

"Saura kaɗan." Na kau da ido. "Wai in tambaye ka, da gaske suna bincike? In mutum ya ce a'a alhali eh ne?"

Ya daina dariya. "Kai, kar ki yi wasa da mutanen nan. Akwai wani abokin aikinmu, matarsa ta taɓa tarin fuka ta ɓoye. Ta zo, sun kama gida, har ta sami ciki. Da aka gano, ba ciwon ne ya dame su ba, ta warke tuntuni. Ƙaryar ce. Yanzu tana gida, shi yana nan, ɗansa a waya yake ganinsa. In akwai wani abu, ko ƙaramar tiyata ce, rubuta kawai."

Zuciyata ta ɗan saki. Na buɗe baki, wallahi na buɗe baki zan faɗa masa.

Sai ya ci gaba. "Ni ai shi ya sa hankalina kwance da ke. Kin san abin da ya faru da yayana? Saura kaɗan aurensa Hajiyarmu ta ji cewa yarinyar an taɓa kai ta asibitin masu taɓin hankali. Ranar ta sa aka karɓo kayanmu. Yayana ya yi kuka kamar mace, amma Hajiya ta ce ita ba za ta haɗa jini da wannan ba."

"Kai kuma me ka ce?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Me zan ce? Yarinyar ta ba ni tausayi. Amma tsakani da Allah, abin da tsoro. Ka kwanta da mutum ba ka san da wa za ka tashi ba."

Na yi dariya. Ku ji fa, dariya na yi, har da gyaɗa kai. Na ce masa kwastoma na jira. Da na kashe wayar na zauna a kan kwali na toshe bakina da mayafi don kada mai shago ya ji.

Gaba kura, baya sayaki. In na ce a'a, zan zauna a ƙasar mutane ina jiran ranar da za a ƙwanƙwasa ƙofa. In na ce eh, na san kalmar da za a kira ni da ita a gidansu.

Mutum ɗaya na iya faɗa wa, ƙanwata Auta. Shekara biyu na ba ta, ɗakinmu ɗaya, katifarmu ɗaya tun muna yara. Ita ce da na dawo daga asibiti take tsefe mini kai, take ba ni abinci a baki ba tare da ta taɓa tambayata komai ba. Yanzu kitso take yi wa matan unguwa a barandar gida. Na same ta ta sallami mai kitso, tana cire gashi daga matsefi.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Yaya, ciwo kika yi ko sata?"

"Ciwo."

"To me ya sa kike magana kamar wadda ta yi sata? Baba ya faɗi a gabanki. Dutse ne ke?"

"Zai fasa, Auta."

"In ya fasa don wannan, gara ya fasa kina ɗakinmu da ya fasa kina inda ba ki da kowa, da goyo a baya." Ta nuna ni da matsefi. "Ni dai ban ce ki faɗa masa yau ba. Amma kada ki sa hannu a kan ƙarya. Ke ba ki iya ƙarya ba, ko gishiri kika zuba da yawa sai kin tona kanki."

Na yi dariya da hawaye. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta fara tsefe mini kitson da bai ma tsufa ba.

Ranar gwaji na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare fari a wuya, da farin mayafi. Mama ta raka ni har bakin ƙofa, ta gyara mini mayafin, ta ce a hankali, "Kin dai ji abin da na ce." Na ce na ji.

Asibitin gwajin wuri ne mai sanyi, kujerun roba a jere, kowa riƙe da fasfo da ambulan. Aka auna tsayina, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji. Can aka shigar da ni wurin likita, wata dattijuwa mai furfura a gaban goshi, tana duba kwamfuta.

"Akwai tambayar da kika bari ba amsa," in ji ta. "Mantuwa ce?"

"A'a."

Ta juyo ta dube ni sosai. Na ji muryar Gwaggo, na ji ta Mama, na ji ta Mai Tabarau yana cewa abin da tsoro.

Na ce, "Amsar eh ce, likita."

Ban san ya aka yi ba, sai ga shi na ba ta labari duka, har kofin ruwan. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta turo mini kwalin tishu.

"Tun yaushe kika daina magani?"

"Shekara biyar."

"Ya taɓa dawowa?"

"Bai taɓa ba."

"Kin taɓa yunƙurin cutar da kanki ko wani?"

"A'a."

Ta rubuta. "'Yata, ba ni ke ba da biza ba, ba zan yi miki alkawari ba. Amma na ga masu irin naki da yawa sun wuce. Abin da nake buƙata shi ne rahoto daga asibitin da aka kwantar da ke, su rubuta abin da ya same ki da ranar da aka sallame ki. Ki je da katinki za su ba ki. Kafin nan zan dakatar da sakamakonki."

Na fito ina jin jikina sakayau, kamar an sauke mini buhu daga ka. Ban taɓa faɗin abin nan da bakina ga wani baƙo ba, kuma ga shi na faɗa, rufi bai faɗo ba.

Ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo.

"Likitata, ofishin biza sun ce an dakatar da sakamakonki, wai ana jiran ƙarin rahoto. Rahoton me? Lafiya dai?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Ƙarshe na tura, "Zan kira ka in na isa gida. Akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta ɓace. Bai turo komai ba.

Na tarar da Mama a kicin tana yanka albasa, rana ta faɗo ta taga a kan allon yankan. Daga baranda ina jin Auta da mai kitso suna hira.

"Mama, ina katina na asibiti?"

Wuƙar ta tsaya.

"Wane kati?"

"Na wancan asibitin. Na faɗa wa likita gaskiya. Ta ce in kawo rahoto."

Na shirya wa faɗa. Na shirya wa kuka, har mari na shirya wa. Amma Mama ta ajiye wuƙar a hankali, ta dafa bango, ta zame ta zauna a kan ƙaramar kujerar kicin kamar an zare mata ƙashi.

"Kin kashe ni," ta ce. "Kin kashe ni, 'yar nan."

"Mama, rahoto ne kawai. Likitar ta ce..."

"Ba za su ba ki ba."

"Saboda me?"

"Saboda ba su san ki ba. Ba ki taɓa kwanciya a asibitin nan ba."

Na ɗauka ruɗewa ce. Na durƙusa a gabanta. "Mama, ni ce fa. Wata biyu na yi."

"Jikinki ya yi. Sunanki bai yi ba." Ta rufe fuska da hannun da ke warin albasa. "Ranar da muka kai ki, hankalina ba ya jikina. Nas ta ce kati, na zura hannu a jaka na miƙa wanda na taɓa. Sai da aka kwantar da ke na ga na ƙanwarki ne. Na tashi zan je a gyara, Gwaggonki ta riƙe ni. Ta ce ke ce babba, ke ce a bakin aure, ita yarinya ce, kafin ta girma takarda ta ruɓe a sito. Ta ce Allah ne ya rufa mana asiri. Na bari."

Abubuwa suka fara dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Mama ba ta taɓa barin katin nan ya shiga hannuna ba. Duk ranar ganin likita ita take zabura ta ja ni tun kafin a gama kiran suna. Kuma a ɗakin nan mai fararen gadaje, na tuna nas-nas suna kirana da sunan Auta, ina ce musu ba ni ba ce, suna shafa kaina suna cewa sannu, za ki warke. Duk shekarun nan na ɗauka ciwon ne ya sa na ji haka.

Sai wani abu kuma ya faɗo mini a rai.

Masu karatu, Auta ba kitso ta so yi ba. Aikin jinya ta so. Sau biyu tana cin jarrabawar makarantar nas da ke cikin wannan asibitin, sau biyu ana cire sunanta bayan gwajin lafiya, ba bayani. Karo na biyu ta dawo tana kuka, tana cewa wata mata ta ja ta gefe ta tambaye ta ko har yanzu tana shan maganinta. Ta ce wane magani? Matar ta girgiza kai ta ce, irinku dama ba kwa yarda. Mun zauna a ɗaki ni da ita muna tsine wa masu hassada. Mama tana jin mu, ta ce a bar wa Allah.

"Mama," na ce, "makarantar Auta. Kin sani?"

Kukanta ne ya amsa.

"Kin sani, kika bar ta ta sake nema?"

"In ce mata me? In ce mata na sayar da ita na fanshe ki?"

Wayata ta fara ruri a cikin jaka. Ba sai na duba ba, na san shi ne. Ta yi ta yanke, ta sake farawa. In na je asibitin nan na ce a gyara suna, Mama ce ta ba da katin ƙarya. In na yi shiru, ni na faɗa wa likita ciwon da babu shaidarsa, Auta kuma ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba nata ba har ranar da wani zai zo neman aurenta ya yi bincike.

Ban lura hirar baranda ta tsaya ba. Inuwa ce na ga ta rufe hasken ƙofar kicin.

Auta ce tsaye, man kitso a bayan hannunta, matsefi a tsakanin yatsunta. Ta zo ɗibar ruwan ɗumi ne, kwanon yana ɗaya hannun. Ba ta kalle ni ba. Mama take kallo, kuma ban taɓa ganin fuskarta ba komai a kai irin haka ba.

"Mama," ta ce a hankali, "sake faɗa. Katin wa kika miƙa?"